Shimiyo a lokacin hunturu: a zauna Yamai ko a riƙa dawowa Damagaram?

Inna ce ta fara kawo maganar, tana zaune bakin murhu lulluɓe da zane biyu: “A bari ɗarin nan ya wuce mana, sannan a kai ta.” Likita ya riga ya rubuta wa yayata takardar zuwa Yamai. Ciwon daji ne a nono, za a yi mata shimiyo, wato maganin dajin da ake ɗurawa ta ƙarin ruwa, zagaye shida, kwana 21 tsakanin kowane zagaye da na bayansa. Nuwamba na shirin ƙarewa, hazo ya fara rufe duwatsun Birni da safe, kuma a gidanmu kaɗai yara uku ke jan majina.

Duk iyalin da aka tura musu mara lafiya Yamai a irin wannan lokaci, hanya uku ce a gabansu. Ko a ɗage maganin sai sanyi ya fita, ko a tare a Yamai har a gama, ko kuma a riƙa zuwa a karɓi ƙarin ruwan a dawo gida. Mun yi gardama a kan duka ukun, mun kuma gwada biyu. Abin da zan faɗa na mai jinya ne. Likitan da ke riƙe da dosiyen mara lafiya shi ke da maganar ƙarshe.

Sai an fahimci abin da shimiyo ke yi wa jini kafin a gane dalilin tsoron mura. Maganin yana bin ƙwayoyin jiki masu saurin hayayyafa yana kashewa. Na ciwon dajin suna ciki, amma na gashi, na cikin baki da na ɓargo ma suna ciki. Ɓargo kuwa shi ke ƙera fararen ƙwayoyin jini, musamman waɗanda likitoci ke kira nitrofil, masu tarar cuta tun daga bakin ƙofa. Ba ranar ƙarin ruwan suke faɗuwa ba. A yawancin magunguna, tsakanin kwana na 7 da na 14 ne suke kaiwa ƙasa, sannan su fara farfaɗowa kafin zagaye na gaba. Gwajin jinin da ake kira NFS shi ke nuna adadinsu: mai lafiya yakan haura 1500, idan kuwa suka sauka ƙasa da 500 to jiki ya zama gida ba mai gadi. Abin takaicin, a wannan makon ne amai ya lafa, mara lafiya ta fara cin abinci tana hira, kowa na cewa ai ta samu sauƙi.

Ita ma kalmar mura tana ruɗa mu, domin abu biyu muke kira da suna ɗaya. Akwai ta atishawa da yoyon hanci, wadda mutum ke zuwa kasuwar Dole da ita ya dawo. Akwai kuma wadda ma'aikatan asibiti ke ce wa girip, mai faɗo wa mutum farat ɗaya da zazzaɓi, ciwon gaɓoɓi, ciwon kai da busasshen tari. Ita ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe mutum 290,000 zuwa 650,000 kowace shekara ta hanyar cutar numfashi, kuma a Nijar cibiyar bincike ta CERMES da ke Yamai ce ke bin diddiginta. Bayan ta shiga jiki takan yi kwana 1 zuwa 4 kafin ta bayyana, mai ita kuma yana iya shafa wa wani tun kwana guda kafin shi kansa ya san ya kamu. Wanda ya zo dubiya yana dariya lafiya lau, gobe ka ji an ce yana kwance. Ga wanda fararen ƙwayoyinsa suka faɗi, girip na saurin sauka huhu, wasu ƙwayoyin cuta kuma su biyo ta ƙofar da ta buɗe. Ƙurar hunturu na taimaka musu: tana busar da hanci da maƙogwaro har su tsattsage, a kan bakin da shimiyo ya riga ya sa wa gyambo.

Shawarar Inna, duk da ƙauna ce ta kawo ta, ita ce mafi rauni cikin ukun. Hunturu a nan daga Nuwamba yake har ƙarshen Fabrairu, wani lokaci ya leƙa Maris. Ciwon daji ba ya jiran wata uku. Ƙullutun da ake iya cirewa yau yana iya bazuwa zuwa hammata ko ƙashi kafin bazara. In an tsere wa mura ma, ai zafin Afrilu na nan tafe, bayansa damina da sauro. Babu watan da za a ce ba shi da tasa cutar. Ɗagewar da ke da ma'ana ita ce wadda likita ya yi da kansa, ta 'yan kwanaki ko mako guda, saboda NFS ya nuna jini bai dawo ba ko mara lafiya na fama da zazzaɓi. Iyali su ɗage da kansu ba tare da sun gaya masa ba, wannan caca ce da rai.

Saura biyu, kuma a nan gardamar take da nauyi.

Wasu ma ba su da zaɓi. A Yamai cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa take, CNLC, inda tun 2021 ake gashin ciwon da na'urar haske. Wanda aka rubuta wa wannan gashi, kusan kullum ne daga Litinin zuwa Juma'a har makonni. Wanda shimiyonsa na mako-mako ne shi ma haka. Su sai zama. Maganar ta masu zagayen kwana 21 ce.

Babban abin da zaman Yamai ke saye wa mutum shi ne kusanci da likitan da ya san ainihin abin da aka ɗura masa. In jiki ya yi zafi da tsakar dare, taksi ɗaya ne tsakaninka da inda dosiyenka yake. In an rubuta allurar filgirastim, wadda ke zaburar da ɓargo ya ƙara ƙera fararen ƙwayoyi, samunta da ajiye ta cikin firiji ya fi sauƙi a can. Ba kuma a shiga kar, babbar motar fasinja, sau biyu kowane mako uku.

Sai dai mutane na faɗin “a zauna Yamai” kamar wani ɗaki ne tsaf ke jira. Mafi yawanmu gidan dangi muke sauka, kuma gidan ɗan Damagaram da ke aiki a Yamai tasha ce. Mu gidan kawu muka sauka a zagayen farko. Ɗakin baƙi ɗaya ne, a cikinsa muka tarar da wata tsohuwa da aka kawo daga ƙauye ganin likita, tana tari tun magariba har asuba, da ɗalibai mata biyu masu jiran sakamakon jarrabawa. Moɗa ɗaya a kan randa, kwano ɗaya da dare. Wa zai iya buɗe baki a gidan da aka karɓe shi hannu bibbiyu ya ce a ware masa kofi, a fitar da tsohuwa? Yaya ta yi shiru, ni ma na yi shiru, sai da matar kawu ta lura da kanta ta mayar da mu ɗakin ɗanta. An ce baƙo raɓa ne, amma baƙon shimiyo wata huɗu yake yi. Wanda ya ce zai kama haya don ya huta da wannan kunya, to ya haɗa lissafin kuɗin ɗaki, abinci, taksi, da aikin da mai jinya ya baro a gida, duk a kan kuɗin maganin da ya riga ya karya ƙugun iyali. Akwai kuma kewa, wadda ba ta shiga lissafi amma tana hana cin abinci. Mace ta bar 'ya'yanta a nisan kilomita kusan 900, gashinta na zuba, ba ta da wanda za ta yi wa kuka sai ƙanwa.

Dawowa gida kuwa, abin da kowa ya fi tsoro shi ne hanya, kuma da gaskiyarsu. A tashi da asuba, a bi Takeita, Tasawa, Maraɗi, Madawa, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, ba a shiga Yamai sai dare ko gab da shi. Tagogi a rufe saboda ƙura da sanyi, mutum sittin ko fiye suna shaƙar iska ɗaya, kuma a watan Janairu da wuya a rasa masu tari a kowane layi. Amma ga abin da na daɗe ban lura da shi ba sai da wata ma'aikaciyar jinya ta zana mini a bayan takardar magani: tafiyar ba ta faɗowa a makon haɗari. Ana baro Yamai kwana biyu ko uku bayan ƙarin ruwa, lokacin fararen ƙwayoyi ba su riga sun faɗi ba, a koma a kwana na 19 ko 20, lokacin sun farfaɗo. Wahalar dawowa ta tashin zuciya ce da gajiya. Kuskuren da ake yi shi ne a tsaya Yamai “a ɗan huta” mako guda sannan a kamo hanya a kwana na 8 ko 9, wato a shiga kar daidai lokacin da jiki ba shi da mai tsaro. Ko a taso da wuri, ko a zauna har mako na biyu ya wuce.

Mu kujera biyu muke saya mata, ta taga da ta kusa, ni in zauna a ta ukun, don kada wani ya manne mata. Ruwanta a gora daga gida, abincinta a kula. A tashoshin da ake tsayawa ba ta taɓa yankakken kankana, salak ko tsiren da ya huce. In za a ci na hanya, sai wanda aka sauke daga wuta a gabanka.

A gida tana da abin da ba ta da shi a Yamai: iko. Ɗakinta ne, kofinta ne, kunun da take so shi ake dama mata. Furar ma ba a hana ta ba, nonon ne dai sai an tafasa madarar kafin a kwantar da shi, domin ɗanyen nonon talla na iya ɗauke da ƙwayoyin da mai lafiya zai shanye ba komai, ita kuwa su kwantar da ita. Barci ya fi, cin abinci ya fi, kuma waɗannan biyun ba ƙaramin abu ba ne ga mai jiran jininta ya dawo.

Matsalar gida ita ce zumunci. Ranar da aka ji ta dawo, daga hantsi zuwa isha'i ƙofa ba ta rufuwa: dangin miji daga Zango, ƙawaye daga Garin Malam, matan unguwa rukuni-rukuni, kowa da goyo, kowa sai ya shiga har ƙuryar ɗaki ya kama hannu ya ce sannu. Dubiya hakki ce, ba mai musun wannan, amma ɗaki rufe da mutum goma a kwana na 10 ya fi kar ɗin Yamai haɗari nesa ba kusa ba. Abin da ya yi mana aiki shi ne shimfiɗa tabarma a tsakar gida inda iska ke wucewa, Yaya ta zauna bakin ƙofarta da takunkumi, a gaisa daga nesa, ba musabaha. Laifin kuma duk muka ɗora wa likita, domin shi ba a jin haushinsa. Wata rana gwaggonmu ta zo tana tari tana share hanci da gefen mayafi, na tare ta a zaure.

“Gwaggo, ki yi haƙuri, likita ya hana mai mura shiga.”

“Ni ce zan sa wa ɗiyata ciwo? Ni da na yi mata wankan jego?”

“Wallahi ko ni in na kamu, ɗakin Inna zan koma. Ga ta can, ki ɗaga mata hannu.”

Ta yi fushi na kwana biyu, a na uku ta aiko da ƙwai.

Yaran gida sun fi baƙi wuyar sha'ani, don su ne ke kwaso mura daga lakwal da makarantar allo, kuma yaro ya fi babba daɗewa yana yaɗa ta. Ba a raba uwa da ɗanta, amma a wannan makon ana iya raba shimfiɗa, a hana sumbata da cin saura, a kuma sa buta da sabulu a bakin ƙofa. Kowa ya san halin ruwa a Damagaram. Ranar da famfo ya ɗauke aka koma sayen na 'yan ga-ruwa, wankin hannu ne ke fara shan tsumulmula. Kwalbar man goge hannu mai alkol kashi 60 cikin ɗari ko fiye tana toshe wannan giɓi. Sai kaskon gawayi da ake shigarwa ɗaki a rufe ƙofa saboda sanyi: hayaƙinsa marar wari yana kashe mai lafiya ma, balle mai ƙarancin jini. A ƙara bargo, a bar kaskon waje, turaren wuta ma a rage.

Duk wannan kariya ce, kuma kariya takan ɓule. Ainihin abin da ya kamata ya yanke hukunci tsakanin Yamai da gida shi ne daren da zazzaɓi ya zo. Namu ya zo a zagaye na uku, kwana na 10, wajen ƙarfe ɗaya na dare. Ta ce sanyi take ji, haƙora na haɗuwa. Ma'aunin zafi ya nuna 38.4. Inna ta riga ta ɓallo farasitamol biyu tana cewa zazzaɓin sauro ne, a ba ta ta yi barci, da safe a sayo maganin. Ga kowa a gidan wannan magana daidai ce, ban da Yaya. Ga mai shimiyo, zafin da ya kai 38 gaggawa ce: ƙa'idar likitoci ita ce a fara maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya cikin awa guda da isowa asibiti, tun kafin a san daga ina cutar take, domin tana iya shiga jini ta kayar da mutum kafin gari ya waye. Farasitamol na sauke zafin ne kawai ya ɓoye alamar. Asfirin da ibuprofen kuma na iya jawo zubar jini in ƙwayoyin daskarar da jini sun yi ƙasa. Muka buga wa maƙwabci ƙofa, cikin minti ashirin muna asibiti. Kalmar farko da na faɗa ita ce shimiyo, na miƙa takardar da likitan Yamai ya rubuta mai sunayen magungunan da ranar da aka ɗura su. Ma'aikacin dare da ya ga masu zazzaɓi talatin tun magariba ba zai san wannan daban ba ce sai an gaya masa. Aka ɗebi jini don NFS da gwajin sauro, aka ɗaura ruwa, ta kwana huɗu ta fito.

In gwaji ko alamu sun nuna girip ce, akwai maganinta na musamman, oseltamibir, wanda aka fi sani da Tamiflu. Ya fi aiki in an fara cikin awa 48, ko da yake ga mai raunin garkuwa likita na iya bayarwa ko an wuce haka. Kafson da ake saya a teburin mai talla ba ya taɓa ƙwayar mura ko kaɗan. Zazzaɓin rani a yankinmu kuma ba a mance sanƙarau a cikinsa, wanda ya ɓarke a jihar nan daga ƙarshen 2022 zuwa 2023. Ciwon kai mai tsanani da sanƙarewar wuya ba abin jiran safiya ba ne. Haka numfashi da ƙyar, ruɗewa, ko rawar ɗari ko da ma'auni bai kai 38 ba.

Allurar rigakafin girip ba ta raba gardamar Yamai da gida, domin ko'ina aka zauna tana da amfani. Iri biyu ce a duniya: ta allura, mai matacciyar ƙwaya, wadda mai shimiyo zai iya karɓa, da ta fesawa a hanci, mai rayayyiyar ƙwaya da aka raunana, wadda aka hana shi. Takan ɗauki kamar mako biyu kafin ta fara aiki, shi ya sa aka fi son a yi ta kafin zagayen farko. In an riga an fara, likita ya zaɓi ranar. Ba ta cikin shaushawar da ake yi wa yara a asibitin unguwa, sai an nema a farmasi da takardar likita, kuma a tabbata daga firiji ta fito. Jikin mai shimiyo ba ya amsa ta da ƙarfi kamar na mai lafiya, musamman wanda ake ba maganin dajin da ake kira rituksimab, don haka in kuɗi ya isa, mai jinya da mijin ko matar su ma su karɓa. Takunkumi kuwa, naɗa rawani ko jan mayafi a hanci na tare ƙura amma bai isa ga ƙwayar mura ba. Shuɗin nan na asibiti ya fi, kuma ya fi amfani a fuskar mai tarin. Na cikin kar da layin asibiti shi ne FFP2, wanda ke manne wa fuska ba ya barin iska ta gefe.

In aka tambaye ni, zagayen farko a yi shi cikakke a Yamai, har kwana 21 ɗin, ko da a takure. A zagayen farko ne aka fi samun zazzaɓin faɗuwar fararen ƙwayoyi, a nan ne kuma likita zai ga yadda wannan jikin ke amsa wannan maganin, ya rage maganin ko ya ƙara allurar zaburar da ɓargo. Daga na biyu, wanda gidansa ke cikin garin Damagaram ko kusa kamar Mirya, inda babban asibitin ƙasa da ɗakin gwajin jininsa ba su kai tafiyar awa guda ba, yana da ɗakin kansa, da motar da za a iya tasa da dare, da mutum ɗaya mai ƙarfin halin tare gwaggo a zaure, gida ya fi masa. Wanda kuwa zai sauka tasha ya sake hawa wata motar zuwa wani ƙauye bayan Tanut ko Gure, inda asibiti mai gwajin jini ke da nisan rabin yini, kada ya yi makon haɗari a can. Ya zauna Yamai, ko ya sami dangi a cikin Damagaram ya yi kwana na 7 zuwa 14 a wurinsu. Haka tsoho, mai ciwon suga, mai ciwon huhu, da wanda zazzaɓin ya taɓa kamawa a zagayen baya: kusa da likitansu ya fi.

Kafin a baro Yamai a karɓi takardar nan mai sunayen magunguna da kwanan wata, a karɓi lambar da za a kira da dare, a tambayi ranar da za a yi NFS a gida a aika hotonsa ta WhatsApp, a kuma sayi ma'aunin zafi na hammata guda biyu don ɗaya yakan ɓace cikin shimfiɗa. Mu kalandar wani mai shago muka rataya a bayan ƙofa, muna zagaye kwanakin haɗari da jan biro. Inna ba ta karanta boko, amma ta san jan zagaye. Daga zagaye na huɗu ita ta karɓe mini gadin zaure, ta ɗauko kujerarta ta tsugunno ta ajiye a bakin ƙofa da carbi a hannu, duk wadda ta yi sallama kafin ta amsa sai ta tambaye ta: “Ke, kina tari?”